Kulob ɗin "Sitem Sel" a Jami'a: Me Ɗalibai ke Yi a Ciki, Kuma Ina Ruwan Mai Sikila?

Me yarinya 'yar aji biyu a jami'a, wadda ko allura ba a yarje mata ta yi wa mutum ba tukuna, za ta tsinta a ƙungiyar da ke maganar sabunta sassan jikin ɗan Adam? Ilimi ne, ko ɓata lokaci, ko kuwa wani abu ne da ya kamata iyaye su sa wa ido?

A gidan yayata da ke Unguwar Sarki aka yi wannan tambaya, ina zaune. 'Yarta, wadda ke karatun likita a ɗaya daga cikin jami'o'in jihar nan ta Kaduna, ta ce tun ranar Juma'a za ta koma makaranta saboda suna da zaman kulob ranar Asabar. Mahaifinta ya ce kulob na me? Ta faɗi sunan da Turanci, ya ce ta yi masa da Hausa. Ta yi ɗan jim, sannan ta ce, "Baba, muna nazarin ƙwayoyin da ke sabunta sassan jiki ne." Alhaji ya mayar da lomar da ya ɗauko cikin kwano.

Ban ga laifinsa ba. A numfashi ɗaya ta haɗa masa kalmomi uku da kowacce ke da warinta a hancin uba: kulob, ƙwaya, sassan jiki. Ta farko ta tuna masa gidan rawa ko ƙungiyar asiri, ta biyu ta tuna masa 'yan shaye-shaye, ta ukun kuwa ta tuna masa shari'ar ƙodar nan da ta kai tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa, Ike Ekweremadu, kurkukun Ingila a 2023.

Ta juyo wurina ta ce, "Kawu, don Allah ka yi masa bayani." Ga abin da na yi ƙoƙarin faɗa a daren, da abin da na ƙara bi daga baya.

Daga wutsiyar tsaka zuwa ɓargon ƙashi

Duk wanda ya taɓa kai wa tsaka duka a bango ya ga abin mamaki: ta yar da wutsiya tana mutsu-mutsu a ƙasa, ita kuma ta tsere. Bayan 'yan makonni sai ga wata ta tsiro. Talibambam ma haka yake, a yanke masa jela ya fito da sabuwa. Manomin rogo ba ya neman iri, kara yake sarawa ya binne. To me ya sa wanda aka yanke wa ƙafa saboda ciwon suga ba ya tsiro da wata?

Jikinmu ma yana sabunta kansa, sai dai ba ko'ina ba. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi su mutu, kuma a kowace daƙiƙa ɓargon ƙashi yana fitar da sababbi kimanin miliyan biyu. Shimfiɗar cikin hanji tana sauyawa cikin ƙasa da mako guda. Hanta, ko an yanke fiye da rabinta, tana iya cikowa. Amma zuciya in ta ji rauni tabo take yi, laka in ta tsinke ba ta haɗewa, ƙoda in ta mutu ta mutu, sai wanki ko dashe. Fannin da yarinyar nan ta ambata yana neman yadda za a sa waɗannan sassa masu taurin kai su yi abin da jini da fata suke yi kullum, ko ta zaburar da jiki ya gyara kansa, ko ta rainon sabon nama a ɗakin gwaje-gwaje a dasa, ko ta gyara kuskuren da mutum ya gada.

Jigon aikin shi ne abin da ake kira sitem sel. A nan Hausa take ba mu wahala, domin "ƙwayar halitta" guda ɗaya muke ɗora wa kaya uku: tubalin da aka gina jiki da shi, da saƙon gado da ke cikin tubalin, da zaren da aka rubuta saƙon a kansa. Ga kuma ƙwayar da ake haɗiya da ruwa. Wannan ruɗani ba ƙaramar riba yake jawo wa wasu 'yan kasuwa ba, za mu zo kansu. Ni dai zan kira sitem sel ƙwayar tushe. Abu biyu ya bambanta ta da sauran: tana haifar irinta, kuma tana iya rikiɗa ta zama wani nau'in. Kamar kwaɓin fulawa take a hannun mai tuya, ta ga dama ta yi fanke, ta ga dama ta yi cincin. Da zarar ya shiga mai kuwa, magana ta ƙare.

Ana samunta ta hanya uku. Akwai wadda ke jikin kowa, babba da yaro, musamman a ɓargo, da kuma jinin igiyar cibiya da mabiyiyar nan da muke haƙa rami mu binne a bayan ɗaki. Tun 1988 likitoci a birnin Faris suka yi wa wani yaro dashe da irin wannan jini ya warke. Akwai wadda ake cirowa daga ɗan tayi mai 'yan kwanaki, kafin ya kama mahaifa. James Thomson na Jami'ar Wiskonsin a Amurka ne ya fara rainon ta ɗan Adam a 1998, kuma ita ce ta tayar da ƙurar addini da siyasa, domin ciro ta yana nufin lalata ɗan tayin.

Ta ukun ce ta juya fannin baki ɗaya. A 2006, Shinya Yamanaka na Jami'ar Kiyoto a Japan ya nuna cewa ana iya ɗaukar ƙwayar fata wadda ta riga ta soyu, a cusa mata saƙonnin gado guda huɗu, ta koma baya. Wato fanke ya koma kwaɓi. Da ɓera ya fara, a 2007 ya yi da ƙwayar mutum, a 2012 aka ba shi lambar Nobel tare da John Gurdon ɗan Ingila, wanda tun 1962 ya share hanyar da gwaji a kan wani kwaɗon Afirka. Matashin da ke aiki ƙarƙashin Yamanaka, Kazutoshi Takahashi, shi ne ya zauna ya tace saƙonni 24 har suka koma huɗu. Gurdon kuwa, malaminsa na sakandare ya taɓa rubutawa a takardar sakamakonsa cewa burinsa na zama masanin kimiyya shirme ne. Irin waɗannan labarai 'yan kulob suna son su, kuma ban ga aibu ba.

Abin da ya tabbata, da inda sikila ta shigo

Idan aka tace hayaniyar, maganin ƙwayar tushe da ya zauna da gindinsa a asibitocin duniya ba shi da yawa. Babbansu dashen ɓargo ne, wanda E. Donnall Thomas ya fara a ƙarshen shekarun 1950, ya samu Nobel a kansa a 1990. Da shi ake maganin sankarar jini da wasu cututtukan jini na gado. Sai rainon fata don masu mummunar ƙuna, da gyaran gaban ido da sinadari ya ƙone. Sauran da kake ji, na suga, na shanyewar ɓarin jiki, na tsinkewar laka, na ƙoda, suna matakin gwaji. Wasu gwaje-gwajen suna ba da fata, kamar na masu suga irin na yara da aka dasa wa ƙwayoyin da ke samar da insulin, amma mutane ƙalilan ne, ƙarƙashin sa ido mai tsanani.

Ina ruwan Kaduna da duk wannan? Ruwanta sikila. Ana ƙiyasta jarirai kimanin 150,000 ake haifa da ita duk shekara a Nijeriya, adadin da babu ƙasar da ta kai, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a cikinmu AS ne. Wanda ya taɓa kwana jinya a ɗakin yara na Barau Dikko ko na Shika lokacin hunturu ya san kukan yaron da ƙashi ke sara. Sikila kuwa ciwon ƙwayar tushe ce tsantsa. Masana'antar da ke cikin ɓargo ce ke fitar da jini mai siffar lauje, wanda ba ya wuce kwana 10 zuwa 20, yana kuma toshe ƙananan jijiyoyi. A sauya masana'antar, ciwon ya tafi. An ga haka a farkon shekarun 1980, a asibitin St. Jude da ke Amurka, inda aka yi wa wata yarinya 'yar shekara takwas dashen ɓargo saboda sankarar jini, sai sikilar da take da ita ma ta kama gabanta.

A Nijeriya an fara a 2011, a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, ƙarƙashin Dokta Nosakhare Bazuaye, da wani yaro ɗan shekara bakwai wanda yayansa ya ba shi ɓargo. A 2024 asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, tare da Gidauniyar Sikila ta Nijeriya, ya yi nasa dashen na farko.

Sai dai a san abin da ake shiga. Dashen ba na yanka da ɗinki ba ne. Ana fara ba majiyyaci magunguna masu ƙarfi irin na kansa su kashe ɓargonsa, sannan a ɗura masa ƙwayoyin mai bayarwa ta jijiya kamar ƙarin jini, su nemi hanyarsu zuwa cikin ƙashi da kansu. Zai yi makonni a keɓe, domin garkuwar jikinsa ta faɗi warwas, ƙaramar cuta tana iya kai shi. Sababbin ƙwayoyin suna iya juyowa su yaƙi jikin da suka shiga. Maganin yana iya hana shi haihuwa. Akwai waɗanda ba sa fitowa. Kuma kafin duk wannan sai an samu wanda jikinsu ya dace, wanda a tsakanin shaƙiƙai ma dama ɗaya ce cikin huɗu ga kowane ɗaya, da sharaɗin shi ma ba SS ba ne. A nan gidajenmu suke ruɗin mutum: gida mai 'ya'ya goma sha takwas daga ɗakuna uku, in an zo lissafin dashe, 'yan ɗaki ɗaya ake fara ƙirgawa. Kuɗin kuwa miliyoyi ne masu yawa.

Akwai sabuwar hanya da ba ta buƙatar mai bayarwa. Uwayen masu sikila sun san cewa jariri ba ya fara ciwo sai ya doshi wata shida, saboda irin jinin da ya fito da shi daga ciki ba ya lanƙwashewa, daga baya jiki ya daina yin sa. Maganin Casgevy, wanda Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta bi a Disamba, yana ciro ƙwayoyin tushen majiyyaci, a gyara su da CRISPR, wato fasahar gyara saƙon gado, yadda za su koma yin jinin jarirantaka, a mayar masa. Farashin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ne. In dala tana naira 1,500, ya haura naira biliyan uku kan mutum ɗaya. Maganin ya fito a inda masu ciwon ba su da yawa, da farashin da inda suke da yawa ba za su iya ko tayawa ba.

'Yan leda

Tsakanin wannan buƙata mai zafi da wannan tsada, wasu suka kafa rumfa.

Wata maƙwabciyarmu a Tudun Wada tana da yara biyu masu sikila. A gidan suna wata mata ta zauna kusa da ita, ta buɗe waya ta nuna mata bidiyon mutanen da ke rantsuwa sun warke, har da wanda ya ce jininsa ya koma AA. Sannan ta zaro kwali daga jaka, cike da 'yan ledoji masu gari a ciki. Ta ce sitem sel ne, a zuba ƙarƙashin harshe safe da yamma, kuma kada a haɗa da na asibiti. Matar nan keken ɗinkinta ta sayar ta saya. Ta daina kai yaran asibitin da suke zuwa duk wata. Sanyi na shigowa babban ya kwanta, sai da aka yi masa ƙarin jini leda biyu. Da ta koma wa mai maganin, sai aka ce ai bai kai adadi ba ne, ta ƙara kwali uku, ko kuma ta yi rajista ta kawo mutum uku a rage mata kuɗi.

Ba sai ka yi digiri ba za ka gane inda ƙaryar take, in dai an taɓa yi maka bayani sau ɗaya. Ƙwayar tushe abu ce mai rai, mai laushi, wadda in za a adana ta sai cikin sanyin da ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Ba ta yadda za a busar da ita ta zama gari, ta kwana a jaka cikin zafin watan Maris, ta kuma rayu. Ko da ta rayu, ciki narkar da ita zai yi kamar tuwo. Uwa uba, yawancin ledojin nan da kansu sun rubuta cewa daga tuffa ko inabi aka samo su. Mangwaro ake aura wa mangwaro; ban taɓa jin an aura wa akuya reshe ba. Lambar NAFDAC da suke nunawa a jikin kayan ƙarin abinci kuwa shaida ce cewa an duba ba mai cutarwa ba ne, ba ta ce yana warkar da wata cuta ba. Jinin SS ba ya komawa AA da abin da aka haɗiya.

Kada a ɗauka rashin boko ne kawai. A jihar Fulorida ta Amurka, a 2015, wasu tsofaffin mata uku sun biya dala 5,000 kowacce aka yi musu allurar ƙwayoyin da aka ciro daga kitsen jikinsu a cikin ido; sun rasa mafi yawan ganinsu, ɗaya ta makance gaba ɗaya. A Suwidin, Paolo Macchiarini, likitan da ake ji da shi a cibiyar Karolinska, wato inda ake zaɓar masu cin Nobel na likitanci, ya dasa wa mutane maƙogwaron roba da aka shafe da ƙwayoyin tushe. Na farkonsu, a 2011, wani ɗalibi ne ɗan Eritiriya. Duk ukun da ya yi wa a can sun mutu, kuma a 2023 kotu ta ɗaure shi shekara biyu da rabi.

To me suke yi ranar Asabar ɗin?

Yadda 'yar tawa ta kwatanta, ba su fi su ashirin ba: masu karatun likita, da na haɗa magunguna, da na kimiyyar sinadaran jiki, da wani yaro ɗaya mai karatun injiniya da ya ce shi injin da ke buga naman jiki kamar yadda firinta ke buga takarda ne ya ja shi. Duk mako biyu sukan zaɓi takardar bincike ɗaya. Mutum ɗaya ya tashi ya yi bayaninta, sauran su yi mata fiɗa. Mutum nawa aka gwada? A jikin ɓera ne ko na mutum? An kwatanta da waɗanda ba a ba maganin ba? Wata nawa aka bi su? Wa ya biya kuɗin binciken? Wani malami yakan zauna a baya, ba ya magana sai an kauce. Wani lokaci sukan samu ɗan Nijeriya da ke aiki a waje ya yi musu magana ta Zoom, in intanet ta yarda.

A jami'o'in ƙasashen da ke da hali, irin wannan kulob yakan zama ƙofar da ɗalibi ke bi ya samu gurbi a ɗakin gwaje-gwaje lokacin hutu. A nan dole a faɗi gaskiya: babu kulob ɗin ɗalibai da zai raini ƙwayar tushe ta ɗan Adam. Tana son ɗumin digiri 37 dare da rana ba yankewa, cikin akwatin raino mai iska ta musamman. Wasu nau'o'in kullum sai an sauya musu ruwan da suke ci, kuma ruwan da dala ake sayo shi, cikin sanyi ake kawo shi. Sai ka tuna watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Ka tuna yajin aikin malaman jami'a na 2022, wata takwas cur. Ƙwayar tushe ba ta san yajin aiki ba. Kwana biyu ba a leƙa ta ba, aikin shekara ya tafi.

Amma akwai abin da ba ya son wuta sosai. Ana iya bin yadda jelar talibambam ke dawowa, da ma'auni da kyamarar waya. Ana iya koyon rainon tsiro a kwalba. Ana iya zama da madubin likita a koyi bambanta jinin lauje da lafiyayye. Akwai kuma tarin bayanan ƙwayoyin halitta da masu bincike ke zubawa kyauta a intanet, wanda mai kwamfuta da data da haƙuri zai iya yin aiki na gaske a kansu daga ɗakin kwanan ɗalibai.

Jihar nan kuma ba ta rasa inda za a je a ga aiki ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da asibitinta na Shika, da tsangayar likitancin dabbobi. Ga Jami'ar Jihar Kaduna da aka kafa a 2004, da Barau Dikko. Ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a hanyar Mando, ga cibiyar binciken cutar sammore. Marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok, wanda ya rasu a 2017 yana kwamishinan ilimi, a Zariya ya yi binciken ƙwayar cutar sammore da ya ba shi lambar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009. Ba fannin ƙwayar tushe ya yi ba, amma ya isa shaida cewa aiki mai zurfi yana yiwuwa a Samaru.

A nawa ganin, tambayoyin nan biyar da suke yi wa kowace takarda su ne ainihin abin da kulob ɗin ke samarwa. Yarinyar da ta saba tambayar "mutum nawa aka gwada?" ita ce za ta zauna a gidan suna ta ce wa gwaggonta ta mayar da kuɗinta jaka. Da maƙwabciyarmu tana da irinta a gida, da kekenta yana nan.

Masu ja, da hujjarsu

Akwai malaman da ke ganin abin riga malam masallaci ne. Ɗalibin da bai gama haddace ƙasusuwan hannu ba, me ya kai shi CRISPR? Kuma a ƙasar da zazzaɓin cizon sauro da zubar jini wurin haihuwa ke kwashe mutane kullum, ai sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Maganar tana da nauyi. Mai sikila a Rigasa, abin da zai fi tsawaita ransa a yau shi ne a gano ciwon tun yana jariri, a kare shi daga sauro, ya samu rigakafi da magungunansa na kullum, da maganin da ake kira haidiroksiyuriya in likita ya rubuta, da jini mai tsabta ranar da ya buƙata. Kulob ɗin da ya manta wannan ya tafi mafarkin buga ƙoda da inji, ya yi ɓatan kai. Sai dai ban yarda cewa dole a zaɓi ɗaya ba. Haidiroksiyuriya ɗin ma ƙara jinin jarirantaka take yi, hanyar da Casgevy ya bi ke nan; wanda ya fahimci ɗaya ya fahimci ɗayan.

Wasu kuma suka ce tsani ne kawai na tsallakewa waje, a cika takardar neman gurbin karatu da "shugaban kulob". Wannan ma akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan yi musu ba. Wasu za su tafi. Ba kulob ne ya kawo hijirar likitoci ba, ba kuma rufe shi zai tsayar da ita ba.

Tsoron Alhaji shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200, rabi aka ba sabon maganin, rabi aka ba wanda aka saba. Yara 11 sun mutu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har zuwa sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003. Uban da ya ji "gwaji" ya ɗaure fuska yana da tarihi a bayansa.

Abin da ya kamata ya sani shi ne yanzu akwai shinge. Duk binciken da ya taɓa ɗan Adam sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, gwajin sabon magani kuma sai da izinin NAFDAC. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cire jini ko nama daga jikin mutum ba da yardarsa ba, ta hana cinikin sassan jiki, ta hana kwafar halittar mutum da shigo da ɗan tayi ko fitar da shi daga ƙasa.

Ta fuskar addini ma malamai sun riga sun duba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a 2003, ta halatta amfani da ƙwayar tushe don magani da bincike in an samo ta ta halastacciyar hanya, kamar daga baligi da izininsa, ko daga cibiya da mabiyiya da izinin iyaye, ta kuma haramta zubar da ciki da gangan don a same ta. Cocin Katolika ta ƙi amfani da ta ɗan tayi, amma tana goyon bayan ta manya da ta cibiya. Dashen ɓargon mai sikila dai bai shiga wannan saɓani ba ko kaɗan.

Inda ni nake jin tsoro

Ba asiri nake tsoro ba, mai ɗaukar nauyi nake tsoro. Kulob ɗin ɗalibai kullum aljihunsa a bushe yake. Ranar da mai sayar da leda, ko wani asibitin kuɗi da ke tallar allurar sitem sel, ya zo ya ce zai buga musu riguna, ya biya lemo da ɗakin taro, shi kuma a ba shi minti goma a sa tambarinsa a bayan riga, ranar kulob ɗin ya zama ɗan kamasho. Hoton yara ashirin cikin fararen riguna a gaban jami'a ya fi masa kowace talla a Facebook. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai kuma matsin na sama. Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu, wanda aka gano sakamakon bincikensa na 2004 da 2005 ƙirƙira ne, har ƙwan haihuwar ƙananan ma'aikatan ɗakin gwajinsa mata aka yi amfani da shi. Ɗalibi ba ya iya ce wa mai ba shi maki a'a cikin sauƙi. Duk kulob ɗin da aka fara cewa mambobi su ba da jini ko wani abu na jikinsu "don gwaji" ba tare da takardar kwamitin ɗa'a ba, ko aka fara tura su ɗibar jinin mutane a unguwa ba likita a tare, a fita daga cikinsa ranar. Wayar da kai kan gwajin jinotayip kafin aure, ko shirya gangamin ba da jini tare da ma'aikatan asibiti ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, wannan aikinsu ne. Rubuta wa mutum magani ba nasu ba ne, komai farin rigar.

Waɗannan su ne sharuɗɗan da Alhaji ya gindaya a ƙarshe, da nasa kalmomin: ta kawo masa sunan malamin da ke kula da su da lambarsa, ta tabbatar makaranta ta san da zamansu, kuma kada ta yarda a taɓa jikinta ko ta taɓa na wani. Ta ce ta ji.

Har ta miƙe za ta kwashe kwanuka ya ce ta dakata. Ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan kwali, ya ce wani abokinsa ne a kasuwar Sheikh Gumi ya kawo masa saboda ciwon gwiwa, ta duba masa. Ta juya bayan kwalin tana karantawa a hankali: garin tuffa, garin inabi, sukari, ɗanɗano. Ta ce, "Baba, nawa ka saya?" Ya faɗa. Yayata ta saki salati daga bakin ƙofar kicin.

Ya karɓi kwalinsa ya jujjuya, ya ce ai kuɗi dai an riga an biya, a zuba masa a shayin safe.